Radiya Mai Caji da Layar Batir

Ta ɗauki waya ta huɗu ta manna a kuncinta, ta yi shiru kamar mai sauraron magana daga nesa, sannan ta mayar da ita kan tabarma ta ɗauki ta biyar. Haka Radiya take yi kullum da hantsi, idan rana ta hau kan allunan solarta guda uku, waɗanda a Tanut ake kira fano, wayoyin mutane kuma sun fara shan wuta. Waya arba'in, ranar kasuwa har saba'in, a jere cikin inuwar rumfa, kowace da igiyarta a baki kamar ƴan awaki a nono. Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya da kunci, yadda uwa take duba zazzaɓin ɗanta. Wadda ta ji ɗuminta ya wuce ƙa'ida sai ta zare mata igiya, ta ɗora ta a kan murfin randa har ta huce.

Bintu mai fura, wadda rumfarta take jingine da ta Radiya, takan leƙo ta ce, "Likita, yau wa ya kwana da ciwo?"

"Ta direban Belbeji. Kullum sai ya bar ta a gaban mota rana ta gasa ta, sannan ya zo ya ce mini ba ta riƙe wuta."

"To ki rubuta masa magani mana."

"Na rubuta. Inuwa, safe da yamma."

An haifi Radiya a wani ƙauye kusa da Olelewa, inda gonar hatsi take tafiya har ta gaji ta jingina da sama. Mahaifinta manomi ne, mahaifiyarta Babarbariya mai saƙar tabarma. Shekara biyu kawai ta yi a lakkol, wato makarantar boko, ta fito da lambobi da rabin haruffa. Aure ne ya kawo ta Tanut, gidan Safiyanu mai gyaran rediyo, mutum mai sanyin murya wanda yakan yi wa abin da yake gyarawa magana fiye da yadda yake yi wa mutane. Da rediyo ya fara ja da baya, salula ta shigo, Safiyanu ya sayi fano ɗaya ya kafa rumfa a bakin kasuwar dabbobi, daidai inda duk makiyayin da ya gangaro daga arewa sai ya bi. Radiya tana kawo masa abincin rana, ta zauna a gefe tana jiran kwano. Bai taɓa cewa zai koya mata ba. Yakan dai ce, riƙe nan, miƙo waccan, ita kuma idonta yana ɗauka.

Shekarar da ciwon ƙirji ya ɗauke shi, ta fita takaba ranar Laraba, ranar Alhamis ta ɗaga zanan rumfar ta share, ta goge fano da gefen zanenta. Mazan da ke sana'ar suka zuba mata ido suna jiran ta gaji. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Fano ya zama uku, ƴaƴa huɗu sun girma a kan abin da rumfar take kawowa, kuma ba ta gaji ba.

Tana da nata tsarin aiki. Makiyaya da yawa ba ruwansu da lambar da ake liƙa wa waya, don haka sai ta yanki guntun karan hatsi ta tsaga shi biyu, ta ɗaure rabi a jikin wayar da zare, ta ba mai ita rabi. In ya dawo a haɗa. In tsagin ya zauna daidai, tasa ce. Daga Tarka har Tenhiya ba wanda ya taɓa cewa wayarsa ta ɓata ko ta musanya a hannun matar nan.

Layar batir ta shigo gari ne da ɗari, lokacin da mutane suke rungume da kofin shayi har hantsi. Wanda ya kawo ta Abdurrazak ne, mai gyaran salula a tsallaken hanya, saurayi mai kaifin kai da ya yi shekara biyu a Damagaram yana koyon aiki. Yana cikin wani guruf na masu gyara a intanet, mutane dubbai daga Kano zuwa Agadas har ƙasashen da ba mu san sunansu ba, inda duk wanda ya gano wata dabara sai ya zuba wa ƴan'uwa kyauta. A can ya samo wani ɗan tsari da ake ɗura wa waya. In an ɗura shi, wayar da take kwana ɗaya sai ta kwana uku, mai nauyin jiki ta yi sauri, cajin da yake cin rabin yini kuma ya cika kafin a gama cinikin akuya. Da yake abu ne da ake sawa a ciki ba a ganinsa, mutane suka sa masa suna laya.

Kuma layar tana aiki, wannan ba wanda ya musa. Wanda yake zaune a gari da wuta a bango ba zai san abin da kwana uku yake nufi ba. Makiyayin da rijiyarsa take tafiyar yini biyu daga inda ake caji shi ya sani. A wurinsa kwana uku shi ne jin farashin rago kafin ya koro garke, shi ne kiran mota ranar da naƙuda ta zo wa matarsa da gardama. Layi ya miƙe a ƙofar shagon Abdurrazak. Radiya ma ta yi masa murna, har ta tura masa mutane.

Sai sanyi ya janye, bazara ta sauko ta zauna a kan yankinmu na Damargu da dukan nauyinta, yashi ya fara korar kaji zuwa ƙarƙashin mota. A nan ne kuncin Radiya ya fara gaya mata wani abu. Ta san halin waya. Idan ta yi zafi takan rage shan wuta da kanta, wani lokaci ta daina gaba ɗaya har ta huce. Amma ga wasu yanzu, jikinsu kamar dutsen murhu, kuma ba su fasa sha ba. Ta riƙa tambayar masu su ɗaya ɗaya, sai ta tarar duk masu laya ne.

Ba ta yi magana a kasuwa ba tukuna. Ta tsallaka hanya ta same shi shi kaɗai.

"Ɗana, layar nan taka tana hana waya jin zafi."

Abdurrazak ya tashi ya ba ta kujera, don yana da ladabi. "Inna, ai kunci ba ma'auni ba ne. Mutum dubu nawa ne suke amfani da ita? Ba wanda ya yi kuka."

"Ni dai na gaya maka."

"Na ji, Inna. Allah ya bar mana ke."

Ta gane irin jin da ya yi. Daga ranar ta daina karɓar duk wayar da aka ɗura wa laya.

Wanda maganar ta fita ta bakinsa Hamidu ne, Bafulatanin Tenhiya, tsohon abokin cinikinta. Shi Bafulatani, ita ɗiyar Babarbariya, wasa ne tsakaninsu tun kakanni, ba sa gaisawa sai da tsokana. Ya zo ranar kasuwa ya zaro wayarsa daga jakar fatar da yake ratayawa a wuya ƙarƙashin riga.

"Babarbariya, karɓi ki cika wa ubangidanki."

"Bawana, da laya a cikinta?"

"Akwai. Kwana uku take yi yanzu, ba kamar da ba da kike ba ta ƴar wutarki kamar sadaka."

"To mayar da ita inda aka yi mata. Ba ta shiga rumfata."

"Don me?"

"Don ina tsoron ranar da za ta tashi da wuta a ƙirjinka, ta ƙona ƴar rigar nan guda ɗaya da ka mallaka. Shanu ɗari, riga ɗaya."

Mutanen da ke tsaye suka yi dariya, Hamidu ma ya yi. Da ya koma jeji ya ba da labarin a bakin rijiya don a yi dariya. Amma labari a bakin rijiya ba ya kwana yadda ya zo. Ya tashi daga wannan rijiya zuwa waccan yana ƙara ƙiba, kafin mako uku ana cewa layar Abdurrazak ta ƙona wani mutum a Tarka har an binne shi. Babu wanda ya ƙone a Tarka. Layin ƙofar shagon ya watse, wasu ma suka dawo suna zaginsa.

Masu caji da masu gyaran salula na garin suna da ƙungiya, ƙungiyar kuma tana da doka tun lokacin su Safiyanu. Duk wanda ya ɓata sana'ar ɗan'uwansa da baki ba tare da shaida ba, sai ya tashi daga wurinsa ya koma ƙarshen layi, can bayan mahauta, inda ba mai bi sai ƙuda da karnuka. Abdurrazak ya kai ƙara. Shugaban ƙungiya, Gajere, dogon mutum ne da sunan yarinta ya ƙi rabuwa da shi, shi ya zo da kansa ya gaya mata.

"Malama Radiya, washegarin kasuwa da safe za a zauna. Ki zo da shaida. In babu, kin san doka, kuma akwai mutum uku da suka riga suka fara auna rumfar nan da ido."

"Na ji, shugaba."

Shaida kuwa ba ta da ita. Ba wayar da ta kama wuta, ba wadda ta fashe. Abin da take da shi kunci ne, kuma an riga an gaya mata ba ma'auni ba ne. Ta yi kwanakin nan tana aikinta shiru. Bintu ta lura ta fara duban ginshiƙan rumfar, waɗanda Safiyanu ya saro da hannunsa, kamar mai tunanin yadda za a tuge su.

Ranar kasuwa, jajibirin zaman, Hamidu ya dawo ba tsokana a bakinsa. Ya ji abin da dariyarsa ta jawo.

"Radiya, ni ban ce an binne kowa ba."

"Na sani. Kai ai ko ƙarya ba ka iya ta da kyau."

"Duba mini wannan, ko ba ki yi mata caji ba. Da ƙyar take fita daga jaka yanzu, sai na ja."

Ta karɓa ta ajiye a kan farantin ƙarfen da take ɗora ƙananan kayan aikinta. Ta miƙa hannu za ta ɗauko tsumma, bakin mayafinta ya taɓa wayar. Sai wayar ta juya. Ta zagaya sau ɗaya da rabi a kan farantin, a hankali, ta tsaya.

Radiya ta daɗe tana kallonta. A zamanin da ake cire batir daga waya, Safiyanu yakan ɗora shi a kan tebur ya buge shi da ɗan yatsa. Lafiyayyen batir shimfiɗaɗɗe ne, ba ya motsi. Wanda zafi ya dafa yakan yi ciki, ya tsaya a kan cikin nan, in an taɓa shi sai ya yi ta juyi. Tun da aka fara rufe batir a cikin waya ta manta da wannan. Ba ta taɓa tunanin cikin zai iya turo bayan wayar har ita kanta ta juya ba.

Ta nuna wa Bintu. Bintu ta buga wayar da yatsa, ta sake bugawa, sannan ta ce, "Guda ɗaya ce fa, kuma ta mutumin da yake dafa ta a ƙirji. In sauran suka ƙi juyawa?"

"Sai ki riƙa kai mini fura bayan mahauta."

"Ni da ƙudan nan? Ki nemi wata ƙawar."

Ɗakin ƙungiya yana bayan tasha, rufin kwano, taga ɗaya, benci huɗu. Maza goma sha biyar suka zauna, ita ce ta sha shida. Ta shigo da farantin a hammata, wani ya ce, "Alhamdu lillahi, Malama ta kawo mana shayi." Ta ce shayin yana tafe. Mutane suka taru a taga da bakin ƙofa, Hamidu a cikinsu da sandarsa.

Gajere ya ba Abdurrazak magana. Ya tashi, kuma ya yi magana mai kyau, duk wanda yake wurin zai faɗa.

"Shugaba, iyayena, ni ban zo don in ci mutuncin Inna ba. Amma sunana ya lalace daga nan har Belbeji a kan mutumin da bai mutu ba. Waya, masu ƙera ta dabaibayi suke yi mata. Suna sa ta gaji da wuri don ka sayi sabuwa. Mutanen guruf ɗinmu, talakawa irinmu, su suka zauna suka gano inda igiyar take suka kwance, ba su karɓi ko sisi ba. Mutum dubbai suna amfani da ita. Ni na kawo ta nan don wanda yake jeji ya samu ya kira gida. In akwai wayar da ta ƙone a nuna mini ita. In babu, a bi doka."

Da yawa suka gyaɗa kai. Gajere ya dubi Radiya.

Ba ta tashi ba. Ta ce, "Shugaba, tambaya zan yi masa. Ɗana, wanda ya rubuta layar nan, a ina yake zaune?"

"Ban san garin ba, Inna. Wata ƙasa ce can arewa da teku."

"Ana sanyi?"

"Ana yi."

"Ya taɓa zuwa Tanut da bazara?"

Aka yi dariya kaɗan. Abdurrazak ya ce, "Waya ai waya ce ko'ina."

"Waya waya ce, rana ce ba ɗaya ba. Shi a kan tebur yake ajiye tasa, iska tana kaɗa ta. Ga Hamidu can a ƙofa, a tambaye shi ina yake sa tasa. Cikin fata, ƙarƙashin riga, a kan ƙirji. In zai yi caji a jeji ya ɗaura ɗan fano a bayan jaki, wayar tana gefe, rana tsaka. Kai ka kawo layar da ɗari, ka gwada ta da ɗari, ta yi kyau. Ni ma na yaba. Dabaibayin da kake faɗa, na yarda akwai shi. Amma jakin da ya tsaya da azahar ya ƙi tafiya, ba kullum ne dabaibayi ya tsayar da shi ba. Wani lokaci ya san in ya ƙara taku zai faɗi."

Wani daga bencin baya, ɗaya daga cikin masu auna rumfar da ido, ya ce, "Wannan duk zance ne. Shaida aka ce."

"Ga ta," in ji Radiya. Ta ajiye farantin a ƙasa tsakiyar ɗaki, ta danna shi ya zauna daidai. "Kowa ya fito da wayarsa ya cire mata riga. Masu laya a dama, marasa laya a hagu." Ta bayyana musu abin da marigayi Safiyanu yake yi da batir. Tsofaffin cikinsu suka tuna, suka ce haka ne, da ana yi.

Tara suka taru a dama, bakwai a hagu. Ta ce kada ita ta taɓa, shugaba ya buga da hannunsa, kuma a fara da hagu.

Gajere ya durƙusa, gwiwoyinsa har kunne. Ya ɗora ta farko ya buge ta da yatsa. Ta ɗan goce ta tsaya. Ta biyu haka, ta uku haka. Ta huɗu, wata tsohuwa da aka ɗaure da roba, ta juya sau biyu.

"Kun gani," in ji Abdurrazak. "Babu laya, ga ta tana juyi."

Radiya ta tambayi mai ita, "Shekararta nawa?"

"Shida. Ta girmi ƙaramin ɗana."

"Tsufa ma yana kawo ciki. Ban ce laya kaɗai ba. A ci gaba."

Sauran ukun suka kwanta shiru. Aka koma dama. Gajere ya ɗauki ta farko ya ɗora ya buga. Ba ta motsa ba. Ya sake bugawa, ta goce kawai. Mutumin bencin baya ya yi gyaran murya mai daɗi. Bintu, da take leƙe ta taga, ta ce daga baya a lokacin ta fara tunanin inda za ta sayi maganin ƙuda. Radiya ta riƙe bakin mayafinta da hannu biyu.

Ta biyu ta Gajere ce da kansa, wata biyar da saye. Ya ɗora, ya buga. Wayar ta ɗauki juyi kamar an kaɗa mazari, hasken taga yana walƙiya a fuskarta duk zagaye, ta yi ta tafiya har mutane suka fara ƙirgawa da baki. Ta tsaya a na bakwai.

Gajere ya ɗaga ta ya duba bayanta a haske, ya shafa da babban yatsa. "Ikon Allah," ya ce a hankali. "Da wannan nake kwana ƙarƙashin matashi."

Ta uku ta juya. Ta huɗu ta juya. Ta biyar ta ƙi, mai ita ya ce shi makon jiya aka ɗura masa, sai mai ta farkon ma ya ce ai shi ma bai fi kwana goma ba. Ta shida da ta bakwai da ta takwas duk suka yi rawarsu, ta takwas ɗin kuwa ta mutumin bencin baya ce. Hamidu ya leƙo ya ce masa, "Taka ta fi tawa iya rawa, a kai ta biki." Ɗakin ya ɗauki dariya har bakin tasha.

Saura ɗaya. Gajere ya miƙa hannu, Abdurrazak ya ce, "Bari, shugaba. Tawa ce." Ya durƙusa ya ɗora ta da kansa. Wata huɗu da saye, ita ya fara ɗura wa layar kafin ta kowa. Ya buge ta. Ya zauna a kan dugadugansa yana kallonta har ta gama.

Da ya ɗago, muryarsa ta sauka. "Layar kashi uku ce," ya ce. "Ɗaya tana sa abubuwan da ke cin wuta a ɓoye su yi barci. Ɗaya tana rage hasken fuska. Waɗannan su suke kawo kwana ukun. Ta ukun ita take cire mai gadin zafi, don waya ta yi sauri ta cika da wuri. Wani ya taɓa tambaya a guruf ko ba haɗari a ƙasa mai zafi, aka yi masa dariya. Ni ma na yi." Ya juya wajenta. "Inna, ki yafe mini."

Gajere ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. "Magana ta ƙare. An nemi shaida, an kawo. Rumfar Malama Radiya tana nan inda take, kuma duk wanda ya auna ta da ido ya je ya wanke idonsa."

Mata biyu da ke taga suka yi guɗa. Mutumin bencin baya, da yake neman inda zai sauke kunyarsa, ya ce to ai sai dokar ta juya kan wanda ya kawo ƙara, shi ya koma bayan mahauta.

Sai a lokacin Radiya ta tashi tsaye. "A'a. In kun tura shi can, wa zai cire kashi na ukun? Ni ban iya ba, kai ma ba ka iya ba. Wayoyi nawa ne yanzu a jeji a kan ƙirjin mutane? Shi ya san su, shi ya ɗura musu. Ya zauna inda za a same shi. Ya bar musu biyun da suke da amfani, ya cire na ukun, wadda ta riga ta yi ciki a canza mata batir, tsohon a binne shi cikin yashi nesa da zana. Kuma mutumin Tarka da aka binne, Hamidu ya koma rijiya ya tono shi, tun da shi ya fara haƙa ramin."

"Ni dai wasa na yi," in ji Hamidu.

"To ka koma ka yi wani wasan, wannan karon na gaskiya."

Gajere ya tambayi ɗaki, ɗaki ya amince. Abdurrazak ya ce yana roƙon abu ɗaya. Yana so ya ɗauki hoton juyin nan mai motsi ya tura guruf, ya rubuta musu cewa ga abin da kashi na uku yake yi a Damargu da bazara, don na Agadas da sauran masu rana irin tamu su gani.

"Ɗauki," ta ce. "Ban da fuskata. Ka rubuta musu su riƙa tambayar inda mutum yake zaune kafin su ba shi dabara. In ka gama ka aiko mini da farantina, kuma a wanke."

Ya ari wayar wani daga cikin marasa laya, ya saita ta, ya ce wa shugaba ya sake bugawa. Maza suka matso suka yi da'ira, kawuna a haɗe, kowa yana cewa a sa tasa ita ma ta fito. Radiya ta gyara mayafinta. Mutanen bakin ƙofa suka dare mata hanya ba tare da an ce musu ba, Hamidu ya janye sandarsa. Ta sa takalmanta a bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ta fita, wayar tana ta juyi a kan faranti a bayanta.